Ranar da Aka Ari Murhuna

Da hantsi suka zo, su bakwai,
a wata farar mota daga Hartum,
suka tsaya ƙarƙashin darbejiyata
a bakin Nilu, nan Wad Madani,
inda na shekara goma sha ɗaya ina dafa shayi.

Wani dogo, Mudassir, mai hula a baibai,
ya ce fim suke haɗawa
kan wata mata da miji ya saka,
ta tashi ta tsaya da ƙafarta.
Suna son aron murhuna na yini biyu,
da kujeru shida, da akwatin kofuna.
Na ce su biya kuɗin yini uku.
Ya yi dariya. Ban yi ba. Ya biya.

Yarinyar da za ta fito a bazawara, Ihlas,
tafinta laushi kamar audugar Jazira.
Aka naɗa mata tsohon mayafi,
aka shafa mata toka a kumatu
don wahala ta fito a hoto.
Ta ɗauki mafici ta hau gawayi da duka
kamar mai korar kaji.
Na ce, 'yata, wuta ba ta son faɗa,
lallaɓa ta daga ƙasa.
Kirfa kafin citta.
Sukari kuwa, dubi fuskar mai sha tukuna,
in da bashin jiya, cokali ɗaya ya ishe shi.

Sai aka zo wurin kuka.
A takardarsu an rubuta:
ta karɓi saki, ta zube, ta rushe da kuka.
Sau huɗu tana zubewa, Mudassir na cewa a sake.
Na juya baya ina wanke cokula.

Ni ranar da Sha'aibu ya aiko da tawa takardar
a hannun yaron maƙwabta,
miyar kuɓewa nake kaɗawa. Na ƙarasa kaɗa ta.
Na ci, na ba Marwa, na rufe ƙofa.
Kukan sai bayan wata biyar ya same ni,
a tsakiyar kasuwa, gaban mai sayar da kofuna,
da ya ce, wane iri kike so?
Na daskare.
Shekara tara ba wanda ya tambaye ni
abin da nake so.
Na ce, masu bakin zinariya. Dozin guda.
Na biya da kuɗin 'yan kunnena,
hawaye na ɗiga a kan canji.

Da la'asar na ba Ihlas wannan labari.
Ta yi shiru tana juya kofi a hannu,
ta tashi ta je wurin Mudassir.
Ya ce babu lokaci, rana na faɗuwa.

Ban ga fim ɗin ba sai bara,
a wayar Marwa, da ta zo hutu.
A ƙarshensa matar ta buɗe babban shago
mai gilashi da fanka,
mijin ya dawo yana roƙo,
ta ɗaga kai, kiɗa ya tashi.

Nawa bai dawo ba.
Na ji ya koma Gadarif noman riɗi,
Allah ya ba shi damina.
Shagona har yau inuwar itace ce.
Amma ɗakin da nake kwana,
mabuɗinsa na ɗaure a bakin mayafina,
kuma ni na biya kafintan da ya sa ƙofar.

Na ce, Marwa, mayar baya kaɗan. Nan. Tsaya.
Bayan kafaɗar Ihlas, inda hoton ya dushe,
ga kofunan nan a jere,
saura bakwai cikin sha biyu,
ga kuma hannun wata mata, babu fuska,
yana gyara gawayi kada wutar ta mutu.

Marwa ta ce, Inna, ba su ko sa sunanki ba.
Na ce, bar su. Miƙo min butar nan,
direbobin Sinnar sun fara sauka.